Tambayoyi da Amsoshi kan Matsin Gas, Girmansa da Zafinsa

Abubuwa huɗu ne suke bayyana halin da kowane gas yake ciki: matsin da yake yi wa jikin mazubinsa, girman wurin da ya cika, zafinsa, da kuma yawansa. Dokokin da ake koyarwa a ajin kimiyyar sinadarai da sunayen Boyle da Charles da sauransu duk alaƙa guda suke bayani, illa dai kowace doka tana tsayar da abubuwa biyu cak, ta bar sauran biyun suna sauyawa. Wanda ya san abin da aka tsayar a kowace doka ba zai sha wahalar haddace su ba.

Mene ne matsin gas, kuma me yake haifar da shi?

Gas tarin ƙananan ƙwayoyi ne waɗanda ido ba ya gani, suna nesa da juna, kuma ba sa daina motsi. A zafin ɗaki, ƙwayar naitirojin, wadda ita ce mafi yawa a iskar da muke shaƙa, tana gudun kusan mita 500 a daƙiƙa ɗaya, sai dai ba ta yin nisa kafin ta yi karo da wata ƙwayar ko da jikin mazubi. Kowane karo ɗan turi ne da bai taka kara ya karya ba, amma da yake karon ba ya ƙirguwa saboda yawa, sai ya taru ya zama turi guda mai ɗorewa, kamar yadda ruwan sama yake sauka a kan rufin kwano ɗigo-ɗigo amma kunne yana jin ƙara guda. Wannan turin, idan aka raba shi da faɗin wurin da ya sauka a kai, shi ne matsi.

Daniel Bernoulli, masanin lissafi ɗan ƙasar Siwizalan, ya kawo wannan bayani tun a shekarar 1738, amma sai da aka yi fiye da shekara ɗari kafin masana irin su Clausius da Maxwell su tsaya masa har ya samu karɓuwa. Duk wata doka da za ta zo a ƙasa tana komawa ga tambayoyi biyu ne: sau nawa ƙwayoyin suke dukan jikin mazubi, kuma da wane ƙarfi suke dukan?

Da me ake auna matsi?

A shekarar 1643, Evangelista Torricelli na Italiya ya cika dogon bututun gilashi da zaiba, ya kife bakinsa a cikin kwanon zaiba. Zaibar ba ta zube duka ba, ta tsaya a tsawon kusan milimita 760, domin nauyin iskar da ke danna zaibar cikin kwanon shi ne yake riƙe da ita. Daga nan aka samu ma'aunin milimitar zaiba. Matsin iska a gaɓar teku, wanda ake kira atmosfiya ɗaya, daidai yake da milimitar zaiba 760, ko faskal 101,325, ko kuma kimanin psi 14.7 a ma'aunin da masu faci suke amfani da shi. A taƙaice, iska tana danna kowane murabba'in santimita na jikin mutum da nauyin kusan kilo ɗaya.

Da ruwa aka yi gwajin maimakon zaiba, da bututun ya haura mita 10. Wannan ne dalilin da ya sa injin da yake zuƙo ruwa daga bakin rijiya ba ya iya jawo shi daga zurfin da ya kai mita 10, komai ƙarfinsa, kuma shi ya sa ake jefa injin rijiyar burtsatse can cikin ruwan domin ya turo shi sama.

Me dokar Boyle take cewa?

Tana cewa idan zafi da yawan gas ba su sauya ba, matsi da girma suna tafiya ne a saɓani: aka ninka matsi, girma ya koma rabi, aka ninka shi sau uku, girma ya koma kashi ɗaya bisa uku. Ana rubuta ta P₁V₁ = P₂V₂, inda P yake nufin matsi, V kuma girman wuri, lamba 1 tana nufin kafin sauyi, 2 kuma bayansa.

Robert Boyle ya wallafa ta a shekarar 1662, bayan gwajin da ya yi a Ingila tare da taimakon Robert Hooke. Sun yi amfani da bututun gilashi mai lanƙwasa, gajeren ɓangarensa a toshe da iska a ciki, dogon kuma a buɗe. Suna zuba zaiba ta dogon ɓangaren suna auna yadda iskar da ta maƙale take tsukewa. Da bambancin tsawon zaibar ya kai kusan santimita 76, wato an ƙara atmosfiya ɗaya a kan wadda take nan tun farko, sai iskar ta koma rabin girmanta. Edme Mariotte ya gano wannan alaƙa da kansa a Faransa bayan wasu shekaru, shi ya sa Faransawa suke haɗa sunansa a dokar.

Dalilin a bayyane yake. Ƙwayoyin nan dai su ne, gudunsu bai sauya ba tunda zafi bai sauya ba, amma an ƙuntata musu wuri, don haka suna dukan bango sau biyu a lokacin da a da suke duka sau ɗaya. Duk mai sirinji zai iya jin wannan a hannunsa: ya cire allura, ya toshe bakin da yatsa, ya danna. Rabin farko yana tafiya ba da wahala ba, amma daga nan sai sirinjin ya riƙa turjewa, kuma da ya saki sai ya dawo da kansa.

Shin dokar tana aiki a jikin mutum?

Da ita muke numfashi. Idan tantanin da ke ƙarƙashin huhu ya yi ƙasa, haƙarƙari kuma suka buɗe, ƙirji yana ƙara faɗi, matsin da ke cikin huhu ya sauka ƙasa da na waje kaɗan, sai iska ta kwararo ciki. Fitar da numfashi kuwa akasin haka ne.

Masu nutso a teku sun fi kowa sanin haɗarinta. Kowane zurfin mita 10 yana ƙara atmosfiya ɗaya, don haka a mita 10 matsi ya zama biyu, a mita 30 ya zama huɗu. Wanda ya cika huhunsa daga tukunyar iska a zurfin mita 10, sannan ya taso sama yana riƙe da numfashi, iskar da ke huhunsa za ta nemi ninka girmanta, abin da ke iya yaga huhun. Shi ya sa ake koya musu tasowa a hankali suna fitar da numfashi.

Me ke faruwa idan aka ɗumama gas, matsinsa kuma bai sauya ba?

Yana faɗaɗa. Zafi yana ƙara wa ƙwayoyi gudu, suna dukan bango da ƙarfi, kuma idan bangon mai matsawa ne, kamar fatar balan-balan, sai ya ja da baya har matsin ciki ya sake daidaita da na waje. Wannan ita ce dokar Charles: V₁/T₁ = V₂/T₂, inda T yake nufin zafi.

Jacques Charles, Bafaranshen da ya tashi sama a cikin balan-balan mai haidurojin a birnin Faris a shekarar 1783, ya lura da alaƙar wajen 1787 amma bai wallafa ba. Joseph Gay-Lussac ne ya wallafa ta a 1802, ya kuma ambaci aikin Charles. Abin mamakin da suka gano shi ne, ko wane irin gas aka ɗauka, faɗaɗarsa kusan ɗaya ce. Da ma'aunin da ake da shi yanzu, duk ƙarin digiri ɗaya yana ƙara wa gas kashi ɗaya bisa 273 na girman da yake da shi a digiri sifili.

Me ya sa dole a mayar da zafi zuwa ma'aunin Kelvin kafin a yi lissafi?

Nan ne ɗalibai suka fi asarar maki, kuma kuskuren na fahimta ne, ba na lissafi ba. A ɗauka akwai gas mai girman lita 2 a digiri 27 na Salsiyos, aka ɗumama shi zuwa digiri 54. Mai gaggawa zai ce zafi ya ninka, don haka girma ya koma lita 4. Ba haka ba ne. Sifilin Salsiyos wuri ne da mutane suka zaɓa kawai, wato inda ruwa yake daskarewa, kuma a wannan sifilin ƙwayoyin gas suna nan suna gudu da ƙarfinsu. Saboda haka ninka lambar Salsiyos ba ya nufin an ninka kuzarin motsin ƙwayoyin.

Idan aka zana layin girman gas da zafinsa, aka miƙa layin baya zuwa ɓangaren sanyi, yana taɓa girman sifili a digiri 273.15 ƙasa da sifilin Salsiyos, ko da wane gas aka yi gwajin. A shekarar 1848, William Thomson na Jami'ar Glasgow, wanda daga baya aka ba shi sarautar Lord Kelvin, ya kawo ma'aunin da yake farawa daga wannan wuri, inda babu wani sanyi da ya wuce shi. Mayar da lamba zuwa Kelvin ba ya buƙatar komai sai ƙara 273. Ke nan 27 ya zama 300, 54 kuma ya zama 327, girman gas ɗin ya koma 2 × 327 ÷ 300, wato lita 2.18 kacal. Kafin girman ya ninka sai zafi ya kai 600 a Kelvin, wato digiri 327 na Salsiyos, kusan zafin da dalma take narkewa.

Akwai wata alama da take tona wannan kuskure nan take. Wanda ya yi lissafi da Salsiyos, ranar da aka ba shi digiri sifili zai samu kansa yana raba lamba da sifili, ranar da aka ba shi zafin da ke ƙasa da sifili kuma zai fitar da girman da bai kai babu ba. Babu gas ɗin da yake da irin wannan girma. A zahiri ma babu gas ɗin da yake kaiwa can ƙarshen layin yana gas, domin oksijin yana komawa ruwa a digiri 183 ƙasa da sifili, naitirojin kuma a 196.

To idan mazubin ba ya faɗaɗa fa, kamar tayar mota?

Sai matsi ya ɗauki ƙarin: P₁/T₁ = P₂/T₂. Guillaume Amontons ya lura da wannan a Faransa wajen shekarar 1700, ko da yake littattafai da yawa suna jingina dokar ga Gay-Lussac.

A ɗauki direban da ya tsaya wurin mai faci da sassafe, zafi yana digiri 20, aka ɗora ma'auni a kan bawul ya nuna psi 32. Abu na farko shi ne, wannan ma'aunin yana nuna abin da matsin taya ya fi na waje da shi ne kawai, don haka kafin lissafi sai an ƙara 14.7, ainihin matsin ya zama 46.7. Da rana ta take a watan Afrilu, motar tana gudu a kan kwalta mai zafi tsakanin Kano da Katsina, iskar cikin tayar tana iya kaiwa digiri 50. Lissafin shi ne 46.7 × 323 ÷ 293, wanda ya ba da 51.5; a cire 14.7, ma'auni zai nuna kusan 37. Ba a ƙara iska ko kaɗan ba, zafi ne ya ƙara kusan biyar.

Wasu direbobi sukan rage iska idan suka ga haka, kuma wannan ba dabara ba ce. Masu ƙera taya sun yi lissafin wannan ƙarin tun farko, kuma lambar da aka rubuta a jikin ƙofar mota ta taya mai sanyi ce. Wanda ya sauke iska tayar tana da zafi, da ta huce za ta koma ƙasa da ƙa'ida, kuma taya mai ƙarancin iska ita ce take yawan lanƙwashewa a gefe yayin gudu, ta ƙara ɗaukar zafi har ta fashe, musamman idan an yi lodi fiye da kima ko tayar ta tsufa. Wannan dokar ce kuma ta sa ake rubuta a jikin gwangwanin maganin sauro na feshi cewa kada a jefa shi cikin wuta ko da ya ƙare.

Ina yawan gas yake shigowa?

A shekarar 1811, Amedeo Avogadro na Italiya ya kawo ra'ayin cewa gas iri biyu, idan girmansu da zafinsu da matsinsu ɗaya ne, to adadin ƙwayoyinsu ma ɗaya ne, ko da ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Ana ƙirga ƙwayoyi da mol, kuma mol ɗaya yana ɗauke da ƙwaya 6.022 × 10²³. Mol ɗaya na haidurojin giram 2 ne, na oksijin giram 32, amma a digiri sifili da atmosfiya ɗaya kowannensu yana cika lita 22.4.

Yaya ake haɗa dokokin wuri guda?

Idan yawan gas bai sauya ba, ana amfani da P₁V₁/T₁ = P₂V₂/T₂. Misali, an tara gas mai girman santimita kubik 500 a digiri 27 da matsin milimitar zaiba 740, ana son girmansa a ma'aunin ƙa'ida, wato 273 a Kelvin da milimita 760. Lissafin shi ne 500 × 740 × 273 ÷ (760 × 300), amsa kuma 443. Yana da kyau mai lissafi ya tambayi kansa kafin ya taɓa kalkuleta: matsi ya ƙaru, zafi ya ragu, ashe dole amsar ta gaza 500. Wanda ya samu 564 ya san ya juya lambobinsa.

Idan kuma aka shigar da yawan gas, sai a samu PV = nRT, wadda Émile Clapeyron ya fara haɗawa a 1834. A nan n adadin mol ne, R kuma lamba ce da ba ta sauyawa, 8.314 idan matsi yana faskal, girma kuma yana mita kubik. Wanda ya sa atmosfiya da lita sai ya yi amfani da 0.0821. Cakuɗa ma'aunai biyun shi ma kuskure ne da ake yawan yi.

Me ya sa wasu littattafai suke cewa mol ɗaya yana cika lita 22.4, wasu kuma 22.7?

Duka daidai ne. Na farko ya ginu a kan atmosfiya ɗaya, na biyu kuma a kan faskal 100,000, wanda ƙungiyar masana sinadarai ta duniya, IUPAC, ta koma kansa a 1982. Mai rubuta jarrabawa ya bi lambar da aka ba shi a takardar tambaya.

Idan matse gas ba ya buƙatar zafi, me ya sa famfon keke yake ɗaukar zafi?

Dokar Boyle tana da sharaɗi, wato zafi ya tsaya yadda yake, kuma hakan yana samuwa ne kawai idan aka matse gas a hankali har zafin da ya taso ya samu damar fita. Mai buga famfo da sauri yana tura ƙwayoyin da ƙarfin hannunsa, suna barin fuskar fistin da gudun da ya fi wanda suka zo da shi, don haka iskar tana ɗumama, matsin kuma ya haura abin da Boyle zai lissafa. Injin dizal a kan wannan yake aiki. Yana matse iska zuwa kusan kashi ɗaya bisa 15 ko 20 na girmanta cikin ƙiftawar ido, zafinta ya wuce digiri 500, sai man da aka fesa ya kama da kansa. Shi ya sa ba ya buƙatar fulogin da yake ba injin fetur tartsatsi.

Me ya sa ake sayar da gas ɗin girki da kilo, ba da matsi ba?

Domin abin da ke cikin tukunyar yawancinsa ba gas ba ne, ruwa ne. Duk wanda ya girgiza tukunya mai kilo 12.5 ya ji shi yana motsi a ciki. Gas ɗin girki haɗin butan ne da furofan. A sarari butan yana tafasa a kusan digiri sifili, furofan kuma a digiri 42 ƙasa da sifili, amma matsi kaɗan ya isa ya mayar da su ruwa, kuma lita ɗaya ta wannan ruwan tana ba da gas kusan lita 250.

A saman ruwan akwai tururinsa, kuma matsin tururin ya dogara ne ga zafi da irin haɗin, ba ga yawan ruwan da ya rage ba. Da aka kunna risho tururi ya fita, sai wani ruwan ya tafasa ya cike gurbin. Saboda haka tukunyar da take cike da wadda ta kusa ƙarewa matsinsu kusan ɗaya ne, sai ɗigon ƙarshe ya ƙone sannan matsin ya faɗi farat ɗaya. Sikeli ne kaɗai yake faɗin gaskiyar abin da ya rage. Wani lokaci ma ido yana gani: idan aka daɗe ana girki a ranar da iska take da laima, tafasar ruwan tana jan zafi daga ƙarfen, sai raɓa ta fito a jikin tukunyar daga ƙasa ta tsaya daidai inda ruwan ya tsaya.

Ba a cika tukunyar har wuya, ana barin kusan kashi ɗaya bisa biyar fanko, domin ruwan yana faɗaɗa da zafi, kuma ruwa ba ya matsuwa kamar gas. Tukunyar da aka cika fiye da ƙa'ida sannan aka bari a rana tana cikin haɗari na gaske.

Tukunyar oksijin ta asibiti kuwa daban take. Oksijin ba ya komawa ruwa a zafin ɗaki komai matsi, don haka yana bin PV = nRT sosai. Tukunya mai lita 50 a matsin atmosfiya 200 tana ɗauke da kusan lita 10,000, kuma idan allurar ma'auni ta sauko rabi, rabin oksijin ne ya rage.

Shin akwai inda waɗannan dokoki suke kasa aiki?

Akwai. An gina su a kan zato biyu: cewa ƙwayoyin gas ba su da girma na kansu, kuma ba sa jan juna. A matsi da zafin yau da kullum wannan zato bai yi nisa da gaskiya ba, domin ƙwayoyin iska ba su cika ko kashi ɗaya bisa ɗari na wurin da suke yawo a ciki ba. Amma idan matsi ya yi yawa ƙwarai, ƙwayoyin suna cunkushewa har girmansu ya zama abin lissafi, gas ɗin ya ƙi tsukewa yadda Boyle ya ce. Idan kuma sanyi ya yi yawa, gudunsu yana raguwa har ɗan jan da ke tsakaninsu ya fara tasiri, matsin ya gaza abin da aka lissafa, daga ƙarshe gas ɗin ya koma ruwa.

Johannes van der Waals na ƙasar Holan ya gyara lissafin a 1873 ta hanyar ƙara lambobi biyu, ɗaya na jan ƙwayoyi, ɗaya na girmansu, kuma kowane gas yana da nasa. Ya samu kyautar Nobel a 1910 saboda wannan aiki. Gas masu sauƙin nauyi irin su hiliyom da haidurojin sun fi bin dokokin asali, su kuwa amoniya da butan, waɗanda suke saurin komawa ruwa, sun fi kauce musu, kuma wannan saurin komawa ruwan ne ya sa ake amfani da irinsu a injin firiji da na'urar sanyaya ɗaki.